FASHIN BAƘI: Daren Zaɓe A Najeriya, Yadda Ake Tattara Sakamako Da Dalilan Raguwar Masu Kaɗa Ƙuri'a

Da misalin ƙarfe huɗu na asubahin Laraba, 1 ga Maris, 2023, shugaban Hukumar Zaɓe Mai Zaman Kanta ta Ƙasa, INEC, na wancan lokaci, Farfesa Mahmood Yakubu, ya bayyana Bola Ahmed Tinubu a matsayin wanda ya lashe zaɓen shugaban ƙasa. An kaɗa ƙuri'ar tun ranar Asabar, 25 ga Fabrairu. Tsakanin waɗannan ranaku biyu, jama'a sun kwana huɗu kunnuwansu na jikin rediyo, idanunsu na kan talabijin da wayoyin hannu, kowa na lissafin jihohin da suka shigo da waɗanda suka rage.

Sai dai akasarin masu wannan jira ba su je rumfar zaɓe ba. Daga cikin mutum 93,469,008 da ke da rajista, ƙasa da miliyan 25 ne suka jefa ƙuri'a, wato kusan kashi 27 cikin ɗari. Tun da aka dawo mulkin farar hula a 1999 ba a taɓa samun ƙarancin fitowa irin wannan a zaɓen shugaban ƙasa ba. Wannan maƙala ta tattaro alƙaluman fitowar masu zaɓe, da matakan da sakamako ke bi daga rumfa zuwa Abuja, da yadda al'umma ke raya dararen jiran, da kuma alaƙar da ke tsakanin abin da ake gani a dararen da shawarar da mutum ke yankewa ta fita ko zama a gida a zaɓe na gaba.

Yadda Ake Lissafin Fitowar Masu Zaɓe

Akwai lambobi huɗu da ake yawan cakuɗa su, alhali kowacce da ma'anarta. Ta farko ita ce adadin masu rajista, wato duk wanda sunansa ke cikin kundin INEC. Ta biyu ita ce adadin waɗanda suka karɓi katin zaɓe na dindindin, domin ba a barin mutum ya yi zaɓe sai da shi. Ta uku ita ce adadin waɗanda aka tantance a rumfa ranar zaɓe. Ta huɗu kuwa ita ce ƙuri'un da aka tarar a cikin akwati, masu kyau da lalatattu.

A 2023, masu rajista sun haura miliyan 93, waɗanda suka karɓi kati sun kai miliyan 87.2, aka tantance miliyan 25.3, ƙuri'un da aka kaɗa kuma suka tsaya a ƙasa kaɗan da miliyan 25. A bisa al'ada ana auna ƙuri'un da aka kaɗa ne da adadin masu rajista. Saboda haka, idan kundin rajista ya kumbura da sunayen matattu ko na waɗanda suka yi ƙaura, kason fitowar zai nuna ƙasa da yadda yake a haƙiƙa. Haka kuma, idan aka cusa ƙuri'un bogi a akwati, kason zai nuna sama da gaskiya. Duka matsalolin biyu sun taɓa alƙaluman Najeriya.

Alƙaluman Zaɓukan Shugaban Ƙasa Daga 1999

Ga kason fitowar masu zaɓe a zaɓukan shugaban ƙasa bakwai na Jamhuriya ta Huɗu, bisa sakamakon da hukumar zaɓe ta bayyana:

1999: kimanin kashi 52 cikin ɗari.
2003: kimanin kashi 69 cikin ɗari.
2007: kimanin kashi 57 cikin ɗari.
2011: kimanin kashi 54 cikin ɗari.
2015: kimanin kashi 44 cikin ɗari.
2019: kimanin kashi 35 cikin ɗari.
2023: kimanin kashi 27 cikin ɗari.

Tun daga 2003 kowane zaɓe yana zuwa ƙasa da wanda ya gabace shi. A 2003 an ce an kaɗa ƙuri'a kusan miliyan 42, lokacin da masu rajista ba su wuce miliyan 61 ba. Bayan shekara ashirin, masu rajista sun ƙaru da sama da miliyan 30, amma ƙuri'un sun ragu da kusan miliyan 17. Tinubu ya yi nasara da ƙuri'a 8,794,726, wato ƙasa da kashi 10 cikin ɗari na masu rajista. Atiku Abubakar ya samu 6,984,520, Peter Obi 6,101,533, sai Rabi'u Musa Kwankwaso 1,496,687. Idan aka haɗa ƙuri'un mutanen huɗu, da ƙyar suka haura kashi ɗaya cikin uku na adadin waɗanda suka yi zamansu a gida.

Babu jihar da rabin masu rajistarta suka fito a 2023. Legas, wadda ta fi kowace jiha yawan masu rajista da sama da miliyan 7, ba ta kai kashi 20 cikin ɗari ba, haka ma Ribas. A Kano, mai masu rajista miliyan 5.9, waɗanda suka fito ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. A zaɓukan da ake yi su kaɗai abin ya fi muni: a zaɓen gwamnan Anambra na Nuwamba 2021, kusan mutum ɗaya ne cikin goma ya kaɗa ƙuri'a. Don kwatance, Ghana ta samu kimanin kashi 79 cikin ɗari a 2020, Kenya kuma kimanin kashi 65 a 2022.

Me Ya Sa Adadin Ke Raguwa?

Wani ɓangare na raguwar ya samo asali ne daga gyaran lissafi. Masu sa ido na cikin gida da na waje sun yi kakkausar suka ga zaɓukan 2003 da 2007, har ma marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya amince a jawabinsa na kama mulki cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, ya kuma kafa kwamitin gyara ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais. Daga baya aka sake rajista da hoton yatsu a 2011, aka kawo na'urar karanta kati a 2015, sannan na'urar BVAS mai tantance yatsa da fuska, wadda aka fara gwadawa a 2021. Kowane mataki ya ƙara wahalar da aringizon ƙuri'u. Dokar Zaɓe ta 2022 ta tanadi cewa duk rumfar da ƙuri'unta suka zarce adadin waɗanda aka tantance, a soke sakamakonta. Ke nan manyan lambobin shekarun baya ba dukkansu ne mutanen da suka bi layi ba.

Kundin rajistar ma yana da nasa nauyin. Tun 2011 ake ta ƙara sababbin sunaye a kansa, amma cire na mamata yana tafiyar hawainiya, domin ba a cika rajistar mace-mace a ƙasar ba. A aikin rajistar da aka rufe a 2022, INEC da kanta ta soke sama da miliyan 2.7 daga cikin miliyan 12.2 da aka yi, galibi saboda maimaici.

Duk da haka, gyaran lissafi bai isa ya bayyana komai ba. Tsarin zaɓen kansa yana hana mutane da dama. Ba a yin zaɓe sai a rumfar da mutum ya yi rajista, kuma ana hana zirga-zirgar ababen hawa a ranar. Ɗan kasuwar da ya yi rajista a Funtuwa amma yake neman abinci a Fatakwal, ko ɗalibar da ta yi rajista a makaranta aka kuma rufe makarantar don zaɓe, sai sun yi doguwar tafiya tun kafin ranar, idan ba su nemi sauyin rumfa da wuri ba. Babu tanadin zaɓe kafin ranar zaɓe a 2023, saboda haka ma'aikatan wucin gadi na INEC, waɗanda suka haura miliyan ɗaya, da jami'an tsaro da masu sa ido da 'yan jarida da dama ba su kaɗa ƙuri'a ba. 'Yan Najeriya mazauna ƙetare ma ba su da damar yi daga inda suke.

Akwai kuma matsalar ɗage zaɓe. A 2011 an dakatar da zaɓen 'yan majalisun tarayya na 2 ga Afrilu bayan an riga an fara shi, saboda kayan aiki ba su iso ba. A 2015 an ɗage daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris bisa dalilin yaƙi da Boko Haram. A 2019 kuwa, cikin daren 16 ga Fabrairu, sa'o'i kaɗan kafin a buɗe rumfuna, aka sanar da ƙarin mako guda. Wanda ya kashe kuɗin mota ya tafi garinsu, da wuya ya iya maimaitawa bayan kwana bakwai. A 2023 ba a ɗage na shugaban ƙasa ba, amma ya zo a tsakiyar ƙarancin takardun kuɗi da sauyin fasalin naira ya haifar, ga kuma wahalar man fetur.

Sai rashin tsaro: 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Neja, ragowar Boko Haram a arewa maso gabas, da hare-haren da aka riƙa kai wa ofisoshin INEC a kudu maso gabas. A birane kuma akwai fargabar 'yan bangar siyasa. A ƙarshe akwai dalilin da aka fi ji a bakin jama'a, wato yanke ƙauna. Wasu na cewa ƙuri'arsu ba za ta yi tasiri ba domin an riga an rubuta sakamako. Wasu na cewa ko wa ya hau, tukunyarsu ba ta sauyawa. Sayen ƙuri'a da taliya da sabulu da atamfa da 'yan kuɗi kaɗan yana fito da wasu, amma yana ƙara wa wasu ƙyamar harkar baki ɗaya.

A watan Mayun 2025 Majalisar Wakilai ta yi karatu na biyu ga wani ƙudiri da zai tilasta wa duk baligi yin zaɓe, tare da tara ko ɗauri ga wanda ya ƙi. Kakakin majalisar, Tajudeen Abbas, wanda ke cikin masu gabatar da shi, ya janye ƙudirin bayan suka daga lauyoyi da ƙungiyoyin farar hula.

Ƙirgar Rumfa

Daren zaɓe yana farawa ne tun da sauran rana, a gindin akwati. A 2023 akwai rumfuna 176,846, bayan ƙarin da aka yi a 2021 kan kimanin 120,000 da aka daɗe ana amfani da su. Ƙa'idar ita ce a buɗe da ƙarfe 8:30 na safe a rufe layi da 2:30 na rana, amma duk wanda ke kan layi a lokacin sai ya yi zaɓe. Inda ma'aikata suka makara, ƙirga kan kai bayan magariba, har a kunna fitilun waya da na babura.

Shugaban rumfa, wanda galibi mai yi wa ƙasa hidima ne, yana juye akwatin a gaban jama'a, ya rarrabe ƙuri'un jam'iyya-jam'iyya, ya ware lalatattu, sannan ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Mutane na ƙirgawa tare da shi da babbar murya. A nan maƙwabci ke tsayawa kusa da maƙwabcinsa na wata jam'iyya, a yi ta zolaya, a yi sowa idan wani ya wuce wani. Bayan an gama ana rubuta sakamakon a takardar EC8A, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a ba kowa kwafi, a ba 'yan sanda, a liƙa wani a bangon wurin. Daga nan ne ake ɗaukar hoton takardar da BVAS domin ɗorawa a shafin intanet na duba sakamako, wato IReV, wanda INEC ta fara amfani da shi a 2020.

Wannan shi ne matakin da talaka ke gani da idonsa. A arewa an daɗe da sanin darajarsa, shi ya sa taken nan na "a kasa, a tsare, a raka" ya yi tashe a tsakanin magoya bayan 'yan adawa tun zaɓen 2003: a jefa ƙuri'a, a tsaya a ga an ƙirga, a bi ta har inda za a tattara. A wannan shekarar ce Malam Ibrahim Shekarau ya kayar da gwamna mai ci a Kano, ana kuma danganta nasarar da dandazon jama'ar da suka ƙi barin wuraren tattara sakamako. Mata kan cika layukansu tun da sassafe a garuruwan arewa, alhali sai a 1976 suka samu 'yancin zaɓe, bayan gwagwarmayar irin su Hajiya Gambo Sawaba. A babban zaɓen 1959, maza kaɗai suka yi zaɓe a Jihar Arewa.

Daga Mazaɓa Zuwa Abuja

Daga rumfa, takardar na tafiya cibiyar mazaɓa. Akwai mazaɓu 8,809 a ƙasar, inda ake haɗa sakamakon rumfuna a takardar EC8B. Daga nan sai hedikwatar ƙaramar hukuma, guda 774, a cike EC8C. Sai babban birnin jiha, a cike EC8D. A zaɓen shugaban ƙasa, jami'in tattara sakamako na kowace jiha yana ɗauko nasa da kansa zuwa Abuja, ya karanta a gaban shugaban INEC, wanda shi ne babban baturen zaɓen shugaban ƙasa. Tun zamanin Farfesa Attahiru Jega aka saba ɗora wannan aiki a kan shugabannin jami'o'i da manyan malamansu.

Wannan doguwar hanya ce ta sa daren zaɓen Najeriya ke zama darare uku ko huɗu. A 2015 da 2019 da 2023, an yi zaɓen ranar Asabar, aka kuma bayyana wanda ya ci da asubahin Laraba. Matakan mazaɓa da ƙaramar hukuma sukan faɗo cikin tsakar dare, a ajujuwan makarantu da sakatariyoyi, inda idon jama'a ya ragu. A nan ne aka fi samun ƙorafin sauya lambobi, ko yaga takardu, ko tursasa wa jami'ai.

Yawan ƙuri'a kaɗai ba ya ba da nasara. Sashe na 134 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce sai ɗan takara ya fi kowa ƙuri'a, ya kuma samu aƙalla kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu cikin uku na jihohi. Idan babu wanda ya cika sharuɗɗan, sai a je zagaye na biyu, abin da bai taɓa faruwa ba a zaɓen shugaban ƙasa. Shi ya sa mai bibiya yake riƙe da lissafi biyu: jimillar ƙuri'u, da adadin jihohin da gwaninsa ya haye rubu'i.

Rediyo, Majalisa Da Wayar Hannu

A ƙasar Hausa rediyo ne ya fara mayar da sakamakon zaɓe abin da ake ji tare. Sashen Hausa na BBC yana watsa shiri tun 1957, ga Rediyon Kaduna da ya daɗe yana kai wa ƙauyuka labari, ga sassan Hausa na rediyon Jamus da na Faransa, da na Muryar Amurka a shekarun baya, sannan gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Freedom a Kano, wanda ya fara aiki a 2003. A teburin mai shayi, da majalisar ƙofar gida, da tashar mota, da gidajen kallon ƙwallo da kan koma nuna zauren tattara sakamako, za ka tarar da mutum riƙe da biro da takarda yana tara lambobi, na kusa da shi suna gyara masa. Idan aka ɗauke wuta, a tayar da janareta ko a koma kan rediyo mai batir.

Zuwan Facebook da WhatsApp ya sauya saurin al'amarin. Hoton takardar rumfa kan zagaya ƙasa cikin mintuna, amma haka ma na jabu, da tsofaffin hotuna, da jadawalin da wani ya ƙirƙira a ɗakinsa. Ƙa'idojin hukumar kula da kafafen watsa labarai sun hana gidajen rediyo da talabijin bayyana wanda ya ci sai abin da jami'in zaɓe ya sanar. Ƙungiyoyin sa ido irin su Yiaga Africa kan tura wakilai zuwa zaɓaɓɓun rumfuna su yi nasu lissafin domin auna na hukuma. A 2023 ƙungiyar ta ce sakamakon da aka bayyana na jihohin Ribas da Imo bai dace da abin da wakilanta suka tattara ba.

Dararen Da Suka Shiga Tarihi

A 1979 ƙasar na da jihohi 19. Alhaji Shehu Shagari ya samu rubu'in ƙuri'u a jihohi 12, a Kano kuma ya tsaya a kusan kashi 20 cikin ɗari. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta ce kashi biyu cikin uku na 19 shi ne 12 da biyu bisa uku, ta bayyana shi a matsayin wanda ya ci. Cif Obafemi Awolowo ya kai ƙara, Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Shagari kwanaki kaɗan kafin rantsarwa.

A 1993 jiran bai ƙare da sanarwa ba. Bayan zaɓen 12 ga Yuni tsakanin Cif Moshood Abiola da Alhaji Bashir Tofa, hukumar zaɓe ƙarƙashin Farfesa Humphrey Nwosu ta fara fitar da sakamakon jihohi, wanda ya nuna Abiola na gaba, har a Kano mahaifar Tofa. Umarnin kotu ya tsayar da sanarwar, sannan gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta soke zaɓen a ranar 23 ga Yuni. Sai a 2018 gwamnatin tarayya ta karrama Abiola, ta mayar da 12 ga Yuni Ranar Dimokuraɗiyya.

A 2011 jiran ya rikiɗe zuwa zubar da jini. Yayin da sakamako ke nuna Goodluck Jonathan ya kayar da Muhammadu Buhari, tarzoma ta ɓarke a jihohin arewa. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe sama da mutum 800 cikin kwana uku a jihohi 12, abin ya fi muni a Kaduna. Cikin waɗanda suka mutu akwai masu yi wa ƙasa hidima da suka yi aikin zaɓe a Bauchi.

Wannan tabon ne ya sa aka shiga 2015 da fargaba, mutane da dama suka kwashe iyalansu zuwa garuruwansu na asali. An sa manyan 'yan takara sun rattaba hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya, Janar Abdulsalami Abubakar kuma ya jagoranci kwamitin da ke bibiyarta. Ranar Talata, 31 ga Maris, a zauren taro na ƙasa da ƙasa da ke Abuja, wakilin PDP, tsohon minista Godsday Orubebe, ya karɓe makirfo yana zargin Jega da son kai, ya tsayar da aiki na wani lokaci a gaban kyamarori. Jega ya saurare shi bai ɗaga murya ba, ya ba da amsa, aka ci gaba. Da yammacin ranar, tun kafin a kammala tattarawa, Jonathan ya kira Buhari a waya ya taya shi murna. Buhari ya tashi da ƙuri'a 15,424,921, Jonathan 12,853,162. Karo na farko ke nan da shugaba mai ci ya sha kaye a akwati a Najeriya. Titunan Kano da Kaduna da Maiduguri suka cika da masu tsintsiya da masu wasa da babura, murnar da ita ma ta jawo haɗurra.

A 2019 Kanawa sun koyi kalmar "inkwankulusib". A zaɓen gwamna na 9 ga Maris, Abba Kabir Yusuf na gaban Gwamna Abdullahi Umar Ganduje da ƙuri'a 26,655, amma adadin masu zaɓe a rumfunan da aka soke ya zarce wannan rata, saboda haka aka ce zaɓen bai kammala ba. A zaɓen cike giɓi na 23 ga Maris, wanda masu sa ido suka ce an yi tashin hankali da razana masu zaɓe a cikinsa, musamman a mazaɓar Gama, Ganduje ya wuce da ratar da ba ta kai 9,000 ba.

A 2023 INEC ta yi alƙawarin cewa kowa zai ga takardar rumfarsa a IReV tun ranar zaɓe. Sakamakon 'yan majalisa ya riƙa hawa, amma na shugaban ƙasa ya maƙale na sa'o'i masu yawa. Daga baya hukumar ta ce tangarɗar na'ura ce. Wakilan PDP da Labour sun fice daga zauren tattarawa, suka nemi a soke zaɓen. A ranar 26 ga Oktoba, 2023, Kotun Ƙoli ta tabbatar da nasarar Tinubu, ta ce rashin ɗora sakamako a IReV bai isa ya rushe zaɓe ba, kuma ba dole ba ne ɗan takara ya samu rubu'in ƙuri'un Abuja. A Adamawa kuwa, a watan Afrilun shekarar, kwamishinan zaɓen jihar ya sanar da Sanata Aishatu Binani a matsayin gwamna alhali ba a gama tattarawa ba, kuma ba shi ne baturen zaɓen ba. INEC ta soke sanarwar, daga baya aka bayyana Ahmadu Fintiri.

Abin Da Mai Bibiya Ya Kamata Ya Riƙe

Sakamakon farko ba ya nuna inda aka dosa. Ƙananan jihohi da na kusa sukan riga isa Abuja, kamar yadda Ekiti ta fara a 2023, yayin da masu ɗimbin ƙuri'u kan zo daga baya. Baturen zaɓe kaɗai ke da ikon bayyana wanda ya ci. Dokar 2022 ta ba INEC kwana bakwai ta sake duba duk sanarwar da aka yi bisa tilas ko saɓanin doka. Wanda bai gamsu ba yana da kwana 21 ya shigar da ƙara, kotun zaɓe na da kwana 180 ta yanke hukunci, ɗaukaka ƙara kuma kwana 60. A shari'a, takardar rumfa mai sa hannun wakilai ita ce tushen hujja, don haka jam'iyyar da ba ta da wakili a rumfa ta yi asarar shaidarta tun daga tushe.

Mutumin da ya tsaya aka ƙirga ƙuri'un rumfarsa ya san lamba ɗaya tabbas. Idan ya duba ya ga ita ce aka ɗora, ita ce kuma ta shiga lissafin mazaɓarsa, yana da dalilin sake bin layi bayan shekara huɗu, ko da gwaninsa ya faɗi. Idan ya ga ta sauya a hanya, ko ya rasa inda zai duba, da wuya wani gangamin wayar da kai ya fito da shi. Kenya ta ɗora hotunan takardun kusan dukkan rumfunanta a intanet cikin kwana guda a 2022, kowa ya iya yin nasa lissafin, duk da cewa hakan bai hana taƙaddama ba. A Najeriya, masu rajista miliyan 68 ne ba su kaɗa ƙuri'a ba a 2023, kuma da yawansu sun bi dararen tattarawar daga farko har zuwa asubahin Laraba.